Ruwan Kanwar Yaya Bukar

Kun dai san Yaya Bukar, wana, ba ya wuce ruwa bai ɗanɗana ba. Ko a randar surukai sai ya tsoma yatsa ya lasa, ya girgiza kai: "Ruwan nan lami ne! Wannan ba zai ji kiran batir ba."

Asalin abin, ya yi dakon turakun wayar tangaraho zamanin Turawa. Baturen aikin ya nuna masa wani wasa: tasar tagulla da ruwan gishiri, ƙusa a rataye a tsakiya, waya daga batir zuwa ƙusa, wata zuwa bakin tasa, maganaɗisu a ƙarƙashi. Wai sai ruwan ya kama juyawa shi kaɗai. Ya dawo Haɗeja da maganaɗisun da wannan labari, duk gari ba wanda ya yarda. Abin nan ya ci masa rai har tsufa.

A aljihu yake yawo da ƙarfen maganaɗisun. In allurar matarsa Yagana ta ɓace, ba ta duba ƙasa, rigarsa take kakkaɓewa.

Ya ce ruwan kanwa ma zai yi. Aka wayi gari kanwar gidan kaf ta ƙare. Yagana ta ajiye masa miyar kuka ba yauƙi. Ya ce, "Ina kanwa?" Ta ce, "Tana tasarka, Malam, je ka ta juya maka tuwon."

Ga tsumulmula! Sabon batir? Haba! Matattu yake tsintowa a tashar jirgin ƙasa ta garin Malam Madori, ya shanya su a rana kamar kuɓewa. Na ce, "Yaya, mushe fa kake jinya." Ya ce, "Barci suke yi, kai dai manomi ne."

Wata shekara, shinkafa ta nuna, wani direban jirgi ya ba shi batir sabo fil. Ya zo fadama da gudu, ba hula. "Garba, taho! Yana juyawa!" Ni kuwa jan-baki sun sauka a gonata. Na ce, "Bari in kori tsuntsu tukuna." Ban je ba sai la'asar. Batir ya mutu, ƙaiƙayin da ya barbaɗa a kan ruwan yana tsaye cik. Ya ce, "Wallahi ya juya." Na yi dariya har da riƙe ciki. Bai sake kirana ba.

Bayan sadakar arba'in ɗinsa, Yagana ta miƙo mini tasar da ƙarfen. Na sayi batir a kanti, na haɗa yadda na sha gani, don dai kewa. Jama'a, ƙaiƙayi ya motsa! Ya kama zagaye a hankali, sannan ya ƙara sauri. Na ɗaga kai na ce, "Yaya!" Ba kowa a zauren sai ni.

Ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya shayar da kai ruwan Alkausara. Ka yafe mini dariyar nan. Ya juya, na gani.