Shaidar Haƙori a Gindin Tocila

Laifina ne, daga farko har ƙarshe. Na daɗe ina neman wanda zan raba shi da shi, in ce ko matata ce ba ta kawo saƙo daidai ba, ko mai shago ne ya zuga ni, amma na duba na ga babu. Tabon ƙunar da ke bayan hannun surukina na dama ni na jawo shi, kuma a kan abin da tsawonsa bai wuce yatsa ba.

Mu biyu ne ke auren 'ya'yansa. Ni na auri babbar, muna zaune a unguwar Changli, ina tuƙa yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, bayan shekarun da na yi ina tasi. Ƙaramar kuwa wani tela ya aura, shagonsa na unguwar Gumbihini. Ya yi zaman Kumasi, saboda haka tun da ya shigo dangin yake kirana akonta, yadda mutanen kudu ke kiran wanda aure ya haɗa su. Ni kuma Tela nake ce masa. Ko da wasa ban taɓa ce masa ƙanina ba.

Surukinmu, wanda duk muke kira Baba, tsohon direban babbar mota ne. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya koma noma, yana da gonar masara da gyaɗa a hanyar Tolon, da wata tsohuwar motar pikop da shi kaɗai ya san halinta. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna zuwa gidansa a unguwar Nyohini. Mu tuɓe takalma tun daga ƙofa, mu durƙusa mu gaishe shi, mu koma gefe. Ba ma cin abinci a gabansa, ba ma ɗauko zancen da bai fara ba. In yana son abu, 'ya'yansa yake gaya wa, su kawo mana. Haka muka taso muka ga ana yi da suruki.

Abu ɗaya na fi Tela da shi, makullin motar. Duk Juma'a Baba yakan miƙo mini shi ba tare da ya ce komai ba, in je in duba mai da ruwa da iskar taya. Tela yana zaune yana kallo. Wannan miƙowar ta fi mini kowane yabo.

A farkon damina matata ta dawo daga Nyohini ta ce tocilar Baba ta mutu, yana son wata ta ajiyewa a mota, mai haske, amma ƙarama. Na ji ƙaramar sarai. Sai na ce a raina, kunya ce irin ta manya, ba ya so ya ɗora mana nauyi. Idan babba ya ce ƙarami, ɗan halak babba yake kaiwa. Ban iya tambayarsa ba, ban kuma ce matata ta koma ta tambaya ba, domin a ganina ni ne direba, na san abin da mota ke so.

Na tafi kasuwar Aboabo. Mai shagon ya baje mini iri-iri a kan tebur: ƙanana masu caji da igiyar waya, masu maganaɗisu a gindi, masu cin batir biyu, har da wadda ake ɗaurawa a goshi. Na ture su duka, na nuna wata ja a can sama, mai hannun ɗauka kamar buta, da rediyo a jikinta da jar fitila mai ƙiftawa.

"Masta, ta mota ce ko ta gadin makaranta?" in ji shi.

"Ta babban mutum ce," na ce.

"To babban mutumin yana da inda zai sa ta? Wannan ba ta shiga akwatin gaban mota."

Na ce ya naɗe mini ita kawai.

Ranar Juma'a ashe saƙon ya isa Gumbihini ma. Matan suka ajiye kayan a gaban mahaifinsu. Baba ya fara ɗaukar tawa, ya auna nauyinta a hannu, ya kunna ya haska bango.

"Madalla," ya ce. "Wannan ai daga nan har Yendi za ta haska. Allah ya yi albarka."

Ya ajiye ta gefe. Sannan ya buɗe ta Tela. Tana cikin 'yar jaka da aka ɗinka da ragowar yadi, baƙa ce, siririya, an naɗe gindinta da robar tsohon tuf na taya an ɗaure da zare. Baba ya juya ta, ya taɓa robar da babban yatsa. Sai ya kunna ta, ya sa gindin a baki ya cije, ya juya kai hagu da dama, hasken yana bin kansa, hannuwansa biyu a sake. Ya cire ta yana dariya. Shekara goma sha ɗaya ina zuwa gidan, ban taɓa jin wannan dariyar ba.

"Wa ya gaya maka?" Baba ya tambayi Tela, kai tsaye, ba ta bakin 'yarsa ba.

Tela yana kallon tabarma ya ce, "Tsohuwar na gani a kan taga, Baba. Gindinta duk shaidar haƙori ne."

Direban da mota ta tsaya masa shi kaɗai a hanya yana bukatar hannuwansa biyu, saboda haka a baki yake riƙe tocila. Na san wannan, ni ma na yi. Tsohuwar tocilar nan kuwa sau nawa na ture ta gefe ina neman tsumma a akwatin gaban motar, ban taɓa duba gindinta ba. Mai zare da allura ya gani sau ɗaya ya gane.

Da muka fito muna sa takalma, Tela ya ce, "Akonta, taka fa in an ɗauke wuta masallaci za mu kai ta, janareta ya huta."

"Kai dai tsaya kan ɗinkin wando," na ce.

"Ai na tsaya. Har tawa tocilar ma na ɗinka mata wando."

Ya yi dariya, ni ma na buɗe haƙora. Wasa yake yi, irin wanda muka saba. Amma ranar har na kai Changli ban ɗauki fasinja ko ɗaya ba, kuma ban san na wuce su ba.

Makonnin da suka biyo baya na ga abubuwa, wasu sun faru, wasu zuciyata ce ta ƙara musu gishiri. Tocilata ta koma kan kabad, jikoki na jin rediyo da ita. Ta Tela tana mota. Wani maƙwabci Badagombe ya shigo gaisuwa, Baba ya sa aka ɗauko ta ya nuna masa, yana cewa surukinsa tela ne ya zaɓo. Baba ya fara tambayar Tela labarin shago. Wata Juma'a na ga kamar tabarmar Tela ta fi tawa kusa da kujerar Baba, na zauna ina auna tazarar da ido har aka yi la'asar. Makulli dai ni ake miƙo wa, amma sai na riƙa jin kamar saura kaɗan shi ma ya canza hannu.

Abin da na yi ban zauna na shirya shi ba, amma wannan ba ya rage komai. Wata Juma'a ina duba mai, na buɗe akwatin gaban motar, na ga 'yar jakar. Na zaro tocilar, na danna, na mayar da ita cikin jakarta a kunne, na rufe. Rana tsaka ce, kuma yadin mai kauri ne, babu mai ganin haske. Kafin gari ya waye ta cinye cajinta.

Juma'ar da ta biyo, Baba ya ce wa ƙanwar matata tocilar ta mutu masa, amma ya sake yi mata caji, wataƙila shi ne ya manta bai kashe ta ba. Na sake kunna ta na rufe. Na yi na uku. Bayan na ukun sai Baba ya kira ƙanwar matata, ya miƙa mata jakar ya ce ta mayar wa mijinta ko mai shagon zai canza, ba ta riƙe wuta. A hankali ya faɗa, amma a gabanmu. Mayar wa suruki da kyautarsa ba ƙaramin abu ba ne. Tela ya sunkuyar da kai, ya ce, "To, Baba." Aka sauko da tawa daga kan kabad, ni da kaina na ajiye ta bayan kujerar direba, tunda ba ta shiga akwatin.

Na ji daɗi. Gara in faɗa yadda yake. Ranar na saya wa yara nama a hanya.

Tela bai zo Juma'ar gaba ba, ya aiko cewa aiki ya yi masa yawa. Ta gaba ma haka. Matata ta ce ƙanwarta ta gaya mata ya gwada tocilar a shago kwana da kwanaki tana ci lafiya, ya rasa gane kanta, har ya ce wataƙila Baba ne dai ba ya son abin hannunsa. Na ce kayan kasuwar yanzu haka suke.

Wata Laraba, ana fitowa daga sallar magariba, wayata ta yi ƙara. Baba ne, wanda bai taɓa kirana da kansa ba. Ya ce mota ta tsaya masa a hanyar dawowa daga gona, in zo, kuma in taho da ruwa mai sanyi.

Na same shi zaune a bakin hanya, hadari ya rufe sama, duhu ya riga lokacinsa. Murfin injin a buɗe. Bel ɗin fanka ne ya zame, aikin da ya yi sau ba adadi. Tocilata ba ta shiga baki, ba ta kuma zama a kan injin, sai ya maƙale ta a hammata yana aiki. Ta suɓuce, ya kai hannu zai tare ta, bayan hannunsa ya kwanta a kan ƙarfen da hayaƙi ke fita. Ga ta nan a ƙasa gilashinta ya fashe, jar fitilar tana ta ƙiftawa.

Ina zuba masa ruwa a hannu ya ce, "Kada ka damu da tocilarka, ni na yar da ita. Hannun tsufa ne." Can kuma ya ce, kamar da kansa yake, "Da ƙaramar nan ta yi aiki."

Na kai shi asibiti aka ɗaure hannun.

Washegari Tela ya zo Nyohini tun da safe. Ya durƙusa nesa, inda baƙi ke durƙusawa, ya ce, "Baba, ka yafe mini. Da na zaɓo maka mai kyau da wannan bai faru ba." Baba ya ce ƙaddara ce. Ina zaune a wurin, hannuna a kan gwiwa, ina jin mutum yana neman gafarar laifina, na bar shi ya gama.

Kwana tara na yi da abin. Gyaɗar Baba ta isa cira, hannu kuma ba ya riƙe sitiyari, ni nake kai shi gona in dawo da shi. Na samu abin da nake so, ni da shi a mota, ba Tela. Duk tafiyar idona na kan farin ƙyallen da ke hannunsa. In mota ta faɗa rami ya ɗan ja numfashi, sai in ji kamar ni aka taɓa da ƙarfen. A sallah kuwa ina kai goshi ƙasa 'yar jakar nan nake gani.

Ranar Juma'a kafin masallaci na biya ta Gumbihini. Tela yana kan keken ɗinki, tocilar na rataye a ƙusa kusa da almakashi.

"Akonta, lafiya? Ko wandon ne ya yage?"

"Ɗauko tocilar nan, mu je Nyohini tare bayan sallah."

"Wadda ba ta riƙe wuta?"

"Tana riƙewa," na ce. "Ka dai zo."

Ya tashi daga kan keken. Ya sauke ta ya sa a aljihu.

A gidan, bayan gaisuwa, Baba ya miƙo mini makulli da hannun hagu. Ban karɓa ba. Suruki ba ya fara magana, amma na fara. Matanmu suna bakin ƙofar ɗaki, ban ce su tashi ba, tunda a gabansu aka mayar wa Tela da kyautarsa. Na karɓi tocilar daga hannun Tela, na kunna, na sa ta cikin jakarta a kunne na rufe, na ajiye a gaban Baba don ya ga yadda hasken ke ɓacewa.

"Baba, haka na yi mata, sau uku, duk ranar da ka ba ni makulli. Tocilar ba ta da laifi, mai ita ma ba shi da laifi. Kishi na ji da ka yi masa dariya. Hannunka ni na ƙona shi. Makullin nan ka ba wanda ka ga dama, ba zan ce komai ba. Ka yafe mini."

Sannan na juya wajen Tela, na durƙusa masa yadda nake durƙusa wa Baba.

"Ƙanina, na bar ka ka roƙi gafara a kan abin da na yi, ina zaune ina ji. Wannan ya fi kunna tocilar muni. Don Allah ka yafe mini."