Amalanke a Bakin Lungu

Ana gab da samun 'yancin kai, mahaifina ya sayar da jakunansa biyu ya sayi amalanke don kai taki gona. Kwana uku yana zaɓe, ya ɗauko mafi faɗi. Ya ce, "Wanga shina ɗaukar mangala goma tashi guda."

Lungunmu na Ƙofar Kware ne bai auna ba. Jaki da mangalarsa yakan wuce, amma amalanke ya cije tsakanin katangu. Taki na cikin gida, amalanke na bakin titi.

Kwando-kwando muka riƙa fitarwa a ka, har ruwa ya sauka ba mu kai rabi ba. Geron ya fito rawaya.

Har mahaifina ya rasu, in jakin maƙwabta ya yi kuka, sai ya katse magana.