Mai Jirgi Ba Ya Zama a Gaba

Furfura ta ci rabin kansa, har ya aurar da 'ya, amma in ka shiga layin masu gyara ka tambayi shagonsa da sunan yanka, kallonka kawai za a yi. Ka ce Auta, nan take a nuna maka ƙofa. Ɗan shago ne tsakanin na Tela da na Mai Aski, cike da talabijin da masu su suka kawo gyara suka manta, da rimot marasa murfi, da ƙaurin dalma. A gyara kam ba a ja da shi. Aibinsa guda ne: in kana sauri, kada ka kuskura ka ambaci tauraro a gabansa.

Ciwon ya samo asali tun yana ƙarami, ranar da mahaifinsu ya shigo gida da talabijin mai hoton baƙi da fari. Duk mako tashar tana nuna wani shiri na mutanen da ke yawo cikin jirgi tsakanin taurari, sanye da riguna masu ɗame jiki. Da Turanci ake yin shirin, kuma duk gidan babu mai jin Turanci. Yayarsa, 'yar fari, ta iya gaisuwa da ƙirge a harshen, iyakarta ke nan. Amma Allah ya yi ta da bakin da ba ya jin kunyar ƙarya, don haka ta naɗa kanta tafinta, ba wanda ya ja.

"Yaya, wannan mai kujerar gaban shi ne babbansu?"

"Wa? Wannan sarkin ihun? Direba ne. Ka taɓa ganin mai mota ya zauna a gaba yana ɗaga murya? Dubi can baya, bakin ƙofa."

A can baya kuwa akwai wani dogon mutum da kullum yake tsaye, hannuwa goye a baya, bai taɓa cewa uffan ba.

"Shi ne Mai Jirgi," in ji Yaya. "Kallon kowa yake yi. Ranar da ya buɗe baki, direban nan ya bar aiki."

Daga nan komai ya hau hanya. Likitan jirgin ya zama surukin direba, shi ya sa ba sa shiri. Dodannin da ke harbo wuta daga wasu duniyoyi, rigimarsu ba ta wuce ta wurin ajiye jirgi ba, don direban ba shi da tarbiyya, ko'ina ya samu sai ya tsaya. In Auta ya ce ai ba haka fuskokinsu suka nuna ba, sai ta zare masa ido ta ce, "Kai ka ji Turanci ko ni?"

Wata rana, ana tsakiyar hayaniya a jirgin, Mai Jirgi ya juya ya fita ta ƙofar nan. Mako ya zagayo, tashar ta sa wani shiri daban, ba bayani ba ban haƙuri. A daminar nan ce kuma mahaifinsu ya kwanta ciwo, aka fita da shi asibiti, bai dawo ba. Auta bai taɓa haɗa abubuwan biyu da bakinsa ba. Amma duk wanda ya san marigayin ya san dogo ne, mai goya hannu a baya, mai tsadar magana. Yaron ya yi ta tambaya yaushe zai dawo, Yaya tana ce masa ya fita duba taya ne, ya kusa.

"Jirgin sama har taurari, da taya?"

"Kai ka ji Turanci ko ni?"

Haka ya girma da tambayar nan a maƙoshi. Don ita ya fara kwance bayan talabijin, ko zai ga inda mutanen suke shiga, ya ƙare da koyon sana'a. Ya yi aure, ya auri malamar firamare mai haƙuri da dariyar ƙeta, wadda kowa ke kira Malama. Shekaru suka shuɗe, waya ta yi ido, intanet ta shigo aljihun kowa. Ran nan Auta ya ga ashe a duniya akwai masu irin lalurarsa, mutanen da ke ɗaukar tsofaffin shirye-shiryen da aka yanke su ci gaba da su da kansu, su ɗora kowa ya kalla. A ranar bai gyara ko rediyo ba. Ya ce tunda masu shirin sun kasa, shi zai dawo da Mai Jirgi.

Bayan shagon ya zama cikin jirgi. Ya jera matattun talabijin bango guda, ya saka musu ƙananan fitilu masu ƙiftawa. Sitiyarin wata tsohuwar mota ya ɗaure a gaban kujerar aski, don direba dole ya riƙe wani abu. Ƙofar kuwa murfin wani ƙaton firji ce, ya kafa ta a tsaye da ƙyar da jiɓin goshi. Tela ya ɗinka riguna da ragowar labule, kuma shi aka ba direba, tunda ko a zahiri in ya yi magana ana jinsa a ƙarshen layi. Mai Aski ya kifa rariya a kai ya zama dodo. Da farko ya ce mutuncinsa ya fi ƙarfin haka, amma da ya ga kansa a waya sai ya nemi a ƙara masa ƙaho.

Malama ce mai riƙe waya. Ita ke rubuta fassarar Turanci a ƙasan hoto, ita ke ɗorawa. Kowane kashi iri ɗaya yake ƙarewa: direba ya ɓata da dodo a kan wurin ajiye jirgi, al'amari ya dagule, sai kowa ya juya ya zuba wa ƙofar firji ido. Ba ta buɗewa. Auta ya ajiye buɗewar sai kashi na ƙarshe, ya kuma ajiye wa kansa matsayin Mai Jirgi. Har jawabi ya tsara, dogo, yana bitarsa a banɗaki.

Abin mamaki, shirin ya karɓu. Mutane daga ƙasashen da Auta bai san da su ba suka yi ca, suna ta rubutu a ƙasa. Da yamma sai ya miƙa wa Malama wayar.

"Wannan me ya ce?"

"Ya ce Allah ya ƙara basira."

"Wannan mai dogon rubutun fa, da fuskoki masu hawaye?"

"Shi ma addu'a ce."

"Duk wannan?"

"Mutanen can akwai tsawaita addu'a, Baban yara."

Bawan Allah ya yarda. Mutumin da ya rayu a hannun tafinta tun yana ƙarami, ina zai san ana yi masa sabon zubi?

Asiri ya tonu ne ana saura kwanaki a ɗauki kashi na ƙarshe. Wani tsohon akawu ya kawo talabijin gyara, ya leƙa bayan shago, ya ga sitiyari da murfin firji, sai ya saki ihu ya kama hannun Auta da hannu biyu.

"Ashe kai ne! Malam, ka kusa kashe ni da dariya. Ni fa na kalli na asalin tun daga farko har ƙarshe. Wa ya ba ka dabarar mai da kyaftin direba? Shi kuma wancan cikon bencin ka mai da shi mai jirgi?"

"Wane cikon benci?"

"Dogon nan na bakin ƙofa mana. Ai ba kowa ba ne. Irin waɗanda ake ɗebowa ne su tsaya a baya don wuri ya cika. Ko sunansa ba a rubutawa. Su kansu masu kallo na can sai da suka koma suka nemo shi, suna ta cewa ba su taɓa lura da shi ba."

"To da ya fita, ina ya je?"

Akawu ya ɗaga kafaɗa. "Wa ya sani? Wataƙila lokacin cin abincinsa ne ya yi."

Auta ya yi dariyar yaƙe har mutumin ya tafi. Sannan ya zauna a kujerar direba. Kunya ta rufe shi, baƙin ciki ya biyo baya. Dariyar mutane ba ta dame shi sosai ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne sun ɗauka da gangan yake ba su dariya, alhali shi da zuciya ɗaya yake jiran ƙofar nan.

A gida ya tsare Malama. Ko gezau ba ta yi ba, ta ci gaba da duba littattafan ɗalibanta.

"Kin sani?"

"Tun muna amarci, ranar da ka fara ba ni labarin."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ka tambaye ni? Kuma wallahi naku ya fi daɗi. Na kalli na asalin, barci ya ɗauke ni."

Washegari da hantsi ya rufe shago ya nufi gidan Yaya. Tana zaune gidan babban ɗanta yanzu, gwiwa ta hana ta yawo, amma bakin yana nan da ƙarfinsa. Ya same ta a tabarma tana warware wata tsohuwar saƙa. Ko gaisuwar kirki bai yi ba, ya nemo tsohon shirin a waya ya kara mata a fuska.

"Yaya, me wannan yake cewa?"

Ta gyara tabarau, ta saurara kamar gaske. "Ya ce mai ya kusa ƙarewa, kuma laifin surukinsa ne."

"Yaya, ki ji tsoron Allah. Kyaftin ne. Shi ne babba. Wancan na bayan kuma cikon benci ne, ba kowa ba."

"In ji wa?"

"In ji masu jin harshen. In ji duniya gaba ɗaya!"

"To su sun san abin da aka ce, ni na san abin da na ji. A rage mini ihu, ka zama direba."

Nan Auta ya fashe. Ya ce ta mai da shi abin dariya har a ƙasashen waje. Ya ce ya tara dattawa masu iyali ya kifa musu rariya a kai. Ya ce tun yana da gajeren wando yake jiran mutumin da ashe cin abinci ya tafi. Yaya ta bar shi sai da ya sauke duka, tana naɗe zarenta. Ba ta ba shi haƙuri ba, don ba ta saba ba, kuma ba ranar za ta fara ba.

"Auta, ka ƙi ci, ka ƙi wasa, kullum kana riƙe da zanena, yaushe zai dawo, yaushe zai dawo. Na talabijin kake tambaya ko namu? Ni ma yarinya ce lokacin. Guda biyu ne suka fita, na amsa maka wanda zan iya."

Ya mai da wayar aljihu. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

"Yaushe ne za ku ɗauki kashi na ƙarshen? A ajiye mini kujera mai jingina, ba benci ba."

Ya so ya fasa. Amma Tela ya riga ya goge riguna, Mai Aski kuma ya gayyato surukansa kallo. Ranar da yamma bayan shagon ya cika har ƙofa. Aka ajiye Yaya kusa da Malama, ta ɗora sandarta a cinya tana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Auta ya koma bayan murfin firji cikin doguwar rigar da aka ɗinka masa. Jawabin nan nasa ya watsar da shi tun a hanya, bai kuma samo wani ba.

Aka fara ɗauka. Direba ya zazzaga wa dodo rashin mutunci, dodo ya yi gurnani har ƙaho ɗaya ya karkace, sannan kowa ya juya ga ƙofa. Ƙofa ta ƙi buɗewa, robar jikinta ta kama. Aka ji Auta yana kokawa da ita daga bayanta, har sai da dodo da kansa ya je ya taimaka da ja. 'Yan kallo suka kwashe da dariya, Yaya ta fi kowa.

Sai ya shigo. Dogo, furfura a kai, ya tako a hankali ya tsaya, hannuwansa suka tafi baya da kansu. Dariyar Yaya ta yanke. Ya dubi Tela, ya dubi fitilun, ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Malama ba ta sauke wayar ba.

"Yi magana mana," Tela ya raɗa, raɗar da aka ji har waje.

"Ku yi wa mutane shiru," in ji Yaya. "Ba ku ji yana magana ba?"

Mai Aski ya leƙo ta ramukan rariya. "Me ya ce, Yaya?"

"Ya ce sannunku da gida. Ya ce a yafe masa, ya daɗe." Ta tsaya, ta goge ido da bakin mayafi. "Ya ce ina Autansa, a kira masa shi ya gani."

Auta ya sauke hannuwansa daga baya.

"Ga ni, Baba," ya ce.