Farin San Labbo a Bakin Titi

Labbo mutumin Unguwar Lalle ne, kuma da son ransa ne da can zai mutu, a gonar geron da ya gada. Da kwana a ƙauye ya gagara saboda rashin tsaro, ya tattaro matar ɗansa Lailatu da jikarsa Firdausi suka dawo gefen garin Sabon Birni, ta hanyar Isa. Ɗan nasa yana fatauci tsakanin nan da Nijar, sai ya yi wata ba a ga ƙeyarsa ba. Cikin shanun huɗar Labbo guda ɗaya ya rage, wani farin bokolo mai tozo da sanyin hali, wanda ba ya sauri ko gobara ake yi. Maigidansa kuwa ƙiris yake jira ya hau faɗa.

Ba su kaɗai suka dawo ba. Kowa ya taso daga ƙauye fili yake nema, gonakin gefen gari suka koma fuloti, gidajen bulo suka yi ta fitowa. Gini kuma sai da yashi, yashi sai da tifa. Tun safe tifofi suke zarya a hanyar da ta ratsa tsakanin sababbin gidaje da makarantar firamare, suna tuƙa baƙin hayaƙi, suna tayar da jar ƙurar da ke shiga aji ta kwanta a kan allo. Rabin yaran unguwar tari suke yi, Firdausi na cikinsu.

Ranar da yarinyar ta dawo da takalmi ƙafa ɗaya, ɗayan tifa ta murƙushe shi tana tsallakawa, Lailatu ta durƙusa daga nesa ta ce, "Baba, ni kam na tsorata. In babu mai tsallakar da ita lahiya, ta zamna gida. Karatun ya isa hakanan."

Firdausi ta fashe da kuka, don ita duk duniya babu abin da take so kamar makarantar nan. Labbo ya ce a bar masa maganar.

Ya fara da Attahiru mai unguwa. Attahiru ya saurare shi da kyau, ya ce za a duba. Har yau ana dubawa. Labbo ya ɗauki shebur ya tara jar ƙasa a tsakiyar hanya don motoci su rage gudu. Kafin mako ya zagayo magina sun kwashe ta sun yi kwaɓi, wani ma har yabawa ya yi, wai ƙasar tana da kyau. Sai ya koma tsayawa da kansa yana ɗaga sanda. Wani direba ya bule shi da ƙura, ya leƙo yana tambaya, "Tsoho, ka gaji da duniya ne?"

Wata rana da hantsi ya jawo san zai kai shi shan ruwa. Suna tsakiyar hanya sai ga tifa maƙare da yashi. Tun daga nesa direban ya take birki, ya tsaya cak, ya jira bokolo ya gama yangarsa. Maimakon murna, haushi ne ya turnuƙe Labbo.

"Au, ashe kuna da birki!" ya daka wa direban tsawa. "Sa kuka gani, ɗiyan mutane ne ba ku gani? Don shi kun san lotse muku mota za shi yi!"

Daga ranar aikinsa ke nan. Da safe da lokacin tashi zai jawo sa ya gitta shi a hanya, yara su bi ta gefensa a jere, Firdausi na gaba riƙe da bakin igiya. Motoci suna tsayawa, ƙura ma takan lafa kafin na ƙarshe ya haye. Lailatu ta daina maganar zaman gida.

Kada a ɗauka an gode masa. Direbobi sun kai ƙara wai yana tare hanyar gwamnati. Wani mai sabon gida ya aiko a gaya masa kashin sa yana ɓata masa ƙofa, alhali 'ya'yansa uku ne a layin masu tsallakawa. Iyaye kan turo yara da saƙo, "Ku tsaya wurin mai sa," kamar an ɗauke shi aiki, amma ko damin harawa babu wanda ya taɓa kawo wa dabbar. Mahauta kuma kullum sai sun shafa tozon suna taya shi. Labbo ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Yakan rantse gobe ba za shi fito ba, kowa ya ji da ɗansa, gari na wayewa kuma a gan shi yana kwance igiya yana mita.

Haka aka yi ta yi har wata Laraba da aka tashi daga makaranta. Wani baƙon direba, wanda bai san da zancen sa ba, ya taho a guje. Ya ga fari a gabansa a makare. Ƙarar birkin har cikin kasuwa an ji ta. Motar ta daki bokolo a kafaɗa, ya zube a nan inda yake tsaye, yaran da ke bayansa suka watse suna ihu. Ko ƙwarzane babu wanda ya yi.

"A kawo wuƙa! Maza, kada shi zama mushe!"

Nan Labbo ya ga abin mamaki. Unguwar da bai taɓa ganin namiji ɗaya ya fito don yara ba, sai ga maza suna ɓullowa ta kowane lungu, wani da wuƙa, wani da faranti, har da mai ƙorafin kashin sa, ya naɗe hannun riga yana nuna inda za a danne. Aka yanka, aka feɗe a gindin bishiyar bedi. Attahiru ya iso yana haki, ya kama hannun Labbo.

"Mun gode Allah, Malam Labbo, abin ga dabba yat tsaya. Za a yi watanda, ba ka yin asara."

"Ni asarar nama nic ce maka ina yi?" in ji Labbo. "Gobe mi za ni gittawa gabansu? Kai za ka kwanta?"

Attahiru ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ranar kusan kowane gida an ci nama a unguwar. Kwanon da aka ajiye wa Labbo ko buɗe shi bai yi ba.

Washegari Firdausi ta shirya tun da wuri, ta tsaya a tsakar gida da jakarta tana jiran kakanta. Ana jin tifofi sun fara wucewa. Lailatu ta fito ta durƙusa inda ta saba.

"Baba, da mi za ka tsallakar da ita?"

Labbo ya ci gaba da zama, igiyar san a hannunsa. Yarinyar ta daɗe tana kallonsa. Da ta ga bai tashi ba, ta sauke jakar a hankali, ta cire hijabin makarantar, ta ninke shi ta miƙa wa uwarta.