Guntun Ƙanƙarar Baba

Shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, malaminmu na lise, wato sakandare, ya ce mana duniya hutu take yi. Wai ƙanƙara ta sha rufe ƙasashe, ta janye, ta sake dawowa, mu kuma an haife mu a ɗan ɗumin da ke tsakanin sanyi biyu. Yana faɗa gumi na ɗiga daga gemunsa. Da na kai wa Inna labarin a gidanmu na unguwar Marjandafak, ko dariya ba ta yi ba.

"Ki ce masa in ta tashi dawowa, ta fara ta ɗakin babanki."

Baba na kwance da sanƙarau, jikinsa kamar murhu, wuyansa ya ƙage. Wuta kuwa sun ɗauke, firjin kowa ya zama kabad. Sai wani mai kura da ke kawo sandunan ƙanƙara cikin dusar katako bakin Babbar Kasuwa da la'asar. Layinsa yana da doka: guntun ƙarshe na mai jinya ne, ko attajiri ba ya miƙa hannu. Ranar Inna aka ba, ta ƙunshe a zane.

Mun juyo ke nan mota ta ci burki, masu rawani da bindigogi suka diro neman ƙanƙarar shan ruwa. Ɗaya ya nuna ƙunshin.

"Antini, ya mara," ya ce da Larabci, wato ba ni, ke mata.

"Mafi," in ji Inna, wai babu, alhali ruwa na bin gwiwar hannunta.

Ya kwaɗa mata mari. Ta faɗi, ta kife a kan ƙunshin, ta ƙi tashi. Ya dinga sauke mata gindin bindiga a baya. Na kama hannunsa na gartsa masa cizo, ya watsar da ni cikin kwata. Mai kurar ya zo ba da haƙuri, suka karya masa hannu. Har yau ban yafe musu ba, ba kuma na jin zan yafe.

Ƙasar da Inna ta kwanta a kai zafi gare ta kamar tanda. Kafin su gaji su tafi, saura ɗan abin da bai cika tafin hannu ba.

A gida Inna ta wanke bakinta, ta zaga ta bayan kan Baba inda ba zai iya waiwayowa ya ga fuskarta ba. Ta ɗora masa guntun a goshi. Ya buɗe ido.

"Kin daɗe."

"Layi ne, Malam," ta ce.