Daga Panshekara Zuwa Bompai Don Sallamar Baba Bitrus

Panshekara, ƙarfe biyar da rabi

Ina idar da sallar asuba na rataya jakar kayan aiki na fita. Asabar ce a tsakiyar damina, a shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun kowa, mu kuwa muna nan liƙe da oba-obarmu, rediyon magana na hannu. Mu goma sha huɗu ne a ƙungiyar masu sha'awar rediyo, yawancinmu ma'aikatan kamfanoni, ni ne sakatare. Abin da ya haɗa mu shi ne rifita, na'urar da muka kafa a tankin ruwan wata masaƙa a Bompai. Ita ke karɓar maganar ƙananan rediyoyinmu ta cilla ta ko'ina a Kano. Kwana tara ke nan da aka yi wata tsawa, ta yi shiru.

Da a wani lokaci ne da mun bari sai mun samu sarari. To amma Baba Bitrus, wanda ya haɗa rifitar da hannunsa, zai bar Kano washegari. Ya yi shekara talatin yana gyaran lantarki a masaƙar. Bara ɓarin jikinsa ya shanye, 'ya'yansa suka ce za su mayar da shi gida kudancin Kaduna. Tun da ya kwanta, gaisuwar safe da muke yi a rediyo ce kaɗai fitarsa.

Layi biyu ne tsakanin gidanmu da nasu. Na tarar da falo cike da ƙullin kaya, shi kuma yana kishingiɗe a kujera.

"Baba, kun tashi lafiya?"

"Habu," ya ce, maganar na fita da ƙyar. "Kar ka ɓata lokaci kan injin. Duba mahaɗar waya, ƙarƙashin eriya. Kuma ka ɗaura igiya a ƙugu."

Matarsa, Mama Saratu, ta rako ni ƙofa ta rage murya. "Ya ce ba zai iya bin ku gida-gida ba, sallama ɗaya zai yi ta rediyo da ƙarfe huɗu da rabi. In ba za ta gyaru ba, Habu, ni za ka fara gaya wa."

Challawa, ƙarfe shida da rabi

Ɗan acaɓa ya kai ni a naira arba'in, tafiyar kamar kilomita huɗu, muna ratsa ma'aikatan safe a kan kekunansu. Tun kafin mu isa warin jima ya tare mu. Shugaban ƙungiyarmu, Alhaji Garba, mai kula da sito a wani kamfanin fata, yana jira a bakin get da tsohuwar akori-kurarsa. Ya riga ya ɗora batirin babbar mota a baya, ko da namu ya ƙone.

Muka tsaya wajen mai shayi. Alhaji ya tsoma burodi a kofi, ya daɗe bai kai baki ba.

"Ka san Baba ne ya fara riƙe mini hannu na yi magana a iska?" in ji shi. "Har gumi na yi."

"Alhaji, ku sha kar ya huce. Hanya na da nisa."

Sharaɗa, ƙarfe takwas da kwata

Ramukan hanya duk sun cika da ruwa, kilomita goma sha biyu ta ci mana kusan awa guda. Shagon kayan lantarkin da muka nufa ba a buɗe shi ba sai tara saura. Muka sa aka auna mana kebul mita talatin. Mai shagon na naɗewa ya tambaye mu ina za a kai, na faɗa masa.

"Bitrus na masaƙa? Dogo, mai biro a kunne?" Ya ajiye kebul ɗin ya shige ciki, ya fito da mahaɗa biyu sababbi da salatif mai hana ruwa. "Shi ya koya mini karanta mitar awon wuta. Ku ce Tasi'u na gaishe shi."

Kafin mu fita Sharaɗa muka tarar da shingen 'yan sanda. Ɗaya ya leƙo ya ga oba-oba biyu a kan kujera, ya ce mu faka. Na miƙa masa takardar lasisinmu, ya karanta ta tsaf, ya tambayi abin da muke faɗa a ciki.

"Gaisuwa, yallaɓai," in ji Alhaji. "Da labarin inda aka yi ruwa."

Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Bompai, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin

Shekara biyu da rufe masaƙar. Ciyawa ta kai gwiwa a inda motoci ke lodi a da. Rabonmu da wurin tun kafin Baba ya kwanta, don shi ke zuwa. Maigadin da ya buɗe mana, wani siririn dattijo, ban taɓa ganinsa ba. Na yi sallama na fara bayani, sai ya katse ni.

"Kai ne Habu na Panshekara, mai cewa ‘ana ji na?’ sau biyu." Ya juya wajen Alhaji. "Ku kuma ku ne na Challawa, masu tari kafin magana."

Sunansa Isuhu, mutumin Damagaram, bayan Baba ya kwanta aka ɗauke shi gadi. Ya kai mu ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin tanki inda rifitar take. An share shi fes, ga tabarmarsa da butarsa a gefen lasifika. A nan yake shan shayinsa kullum da safe yana sauraronmu. Na gwada soket na ga babu wuta.

"Ai an yanke tun watan azumi," ya ce. "Nakan ɗora batirin a keke in kai caji duk bayan kwana uku."

Ashe dalilin da ya sa takan ɗauke mana da rana ke nan, mu muna ta zargin zafi. Alhaji ya cire hula ya mayar.

"Me ya sa ba ka aiko mana ba, Malam Isuhu?" na tambaye shi.

"Ban san gidan kowa ba. Muryoyinku na sani." Ya dube ni. "Ina tsohon nan da maganarsa ta yi nauyi? Lafiya dai?"

Da na gaya masa, sai ya ɗauko igiya ya riƙe mini tsani.

Na hau bayan azahar. Daga saman tankin ana hango hadari yana haɗowa ta gabas. Maganar Baba ta tabbata: mahaɗar ta ƙone baƙi ƙirin, ruwa ya bi ta nan ya cika kebul. Sauya shi ya ɗauke ni awa biyu, Isuhu na miƙo kaya da guga. Ina saukowa yayyafi ya fara. Muka sa sabon fis, muka jona batirin Alhaji. Ƙarfe huɗu da minti goma na danna oba-oba na saki, lasifikar ta amsa da ɗan ƙaran nan nata.

Huɗu da rabi daidai muka ji numfashi, sannan murya.

"Bitrus ne, daga Panshekara. Wa ke nan?"

Suka fara amsawa ɗaya bayan ɗaya, daga Kumbotso, daga Zawaciki, daga cikin gari. Ya kira kowa da sunansa, ya tambayi iyalinsa. Ya roƙi gafara in ya taɓa saɓa wa wani. Na shiga na isar da gaisuwar Tasi'u, na ba shi labarin batiri da keke. Isuhu ba shi da lasisi, amma na riƙe rediyon na kai bakinsa.

"Baba, Isuhu ne maigadi. Allah ya kai ku gida lafiya."

Muka matso kusa da lasifikar.

"Isuhu," in ji Baba. "Ban taɓa ganinka ba, ɗan'uwana. Na gode. A ƙasan teburin rifitar akwai tsohuwar rigar ruwana. Ka riƙa sawa in za ka kai caji."

Isuhu ya durƙusa ya laluba, ya jawo ta, ya zauna da ita a cinya.

Komawa gida

Mun bar masa batura biyu, muka yi alkawarin ɗaukar cajin bi da bi. Mun baro Bompai biyar da rabi cikin ruwa, cunkoso ya riƙe mu har muka yi magariba a hanya. Alhaji ya sauke ni Panshekara bakwai da rabi. Na biya ta gidan Baba, Mama Saratu ta tare ni a ƙofa ta ce in yi a hankali, ya samu barci.

"Malmala biyu ya cinye," ta ce. "Har ya nemi ƙarin miya."

Na isa gida jiƙe sharkaf, na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Godiya ga Alhaji Garba da motarsa, da Tasi'u na Sharaɗa, da Malam Isuhu, wanda ya yi watanni yana yi mana hidima ba mu ko san sunansa ba.