Tukunyar da Na Ɗauko daga Tabuka

Mai kifin unguwarmu ya sace mini dusar ƙanƙara, bayan ya sace kuma ya tsaya a gaban manyan mutane ya mai da ni maƙaryaci. Abin da ya yi mini ke nan, ban ƙara ko gishiri ba. Duk wanda na ba labarin sai ya fashe da dariya. A yi ta yi. Ni har yau abin bai ba ni dariya ba.

A lokacin ina zaune a Karantina, wata unguwa a Jidda, ina tuƙa barrada, wato babbar motar nan mai injin sanyi da ake loda wa daskararrun kaji a tashar jiragen ruwa a kai garuruwa. Iƙamata, wato takardar zama, lafiya lau, kafilina, ubangidan da ya tsaya mini, ba ya shiga harkata in dai mota ta dawo a kan lokaci. Boko ban yi nisa ba, aji huɗu na yi na gudu. Amma ina da ido, kuma abin da ban gani ba ba na cewa na gani.

Muna da majalisa a ƙofar shagon mai kifin nan, kullum bayan la'asar. Wasu majalisun hirar ƙwallo suke yi, wasu siyasar gida. Mu tamu hirar sanyi ce. A Jidda fa, garin da zafi ke dafa mutum kusan duk shekara. Sanyin gaba ɗayansa 'yan makonni ne, kuma ko a cikinsu in ka ɗan ɗaga ƙafa sai ka jiƙe da gumi. To shi muke jira. Da zarar iskar arewa ta fara kaɗawa, kowa sai ya buɗe akwati ya ciro kwat ɗinsa ta gwanjo tana warin kafur. A hura gawayi a kasko, a zauna ana miƙa hannu. Akwai wani wanzami a cikinmu da ke sa safar hannu ya naɗe wuya da rawani, gumi na ɗiga daga haɓarsa cikin kofin shayi, yana cewa sanyin bana kam sai dai Allah ya kiyaye tsofaffi.

Babbanmu wani tsohon tela ne da ya shigo ƙasar nan a ƙafa tun yana saurayi. Baba muke ce masa. Shi ke yanke lokacin da sanyi ya shigo. Ranar da ya fito da safa a ƙafarsa, to an shiga. Ranar da ya cire, an fita, ko da kuwa haƙoranka na kaɗawa.

Shi kuwa mai kifin Bahaushen Sudan ne, baki kamar rediyo, ya ɗauki kansa masanin majalisa. Ya kafa ma'aunin zafi a jikin ƙofarsa, ya ɗaura tsumma a eriyar talabijin don ya ga inda iska ta nufa. In an zauna sai ya ɗaga kai ya dubi tsumman ya ce gobe za a yi iska mai ɗauke akuya. Sau ɗaya ya taɓa dacewa, iska ta tura akuyar wani daga saman soro ta faɗa tsakar gidan maƙwabci. Shekara biyu yana cin albarkacin akuyar nan.

Abu ɗaya ne babu wanda ya taɓa gani ido da ido a cikinmu, dusar ƙanƙara. A talabijin muke ganinta, mu yi ta musu. Wanzami ya ce kamar garin rogo take. Mai kifi ya ce a'a, auduga ce, kuma in ta taɓa baƙar fata tabo take bari. Baba ya ce shi ba zai ce komai ba sai ya taɓa da hannunsa.

Wata shekara cikin sanyi aka loda mini kaji zuwa Tabuka, can arewacin ƙasar, daga can aka ce in ƙarasa da ragowar kajin zuwa wani gari wajen iyaka. Na sauke, na juyo da safe. Ina hawa duwatsun nan sai na ga hanya ta yi fari, duwatsu sun yi fari, har raƙuman da ke tsaye a gefe tozonsu ya yi fari. Motoci sun tsaitsaya, Larabawa manya da gemunsu suna dunƙulawa suna jifan juna. Na taka birki na sauko. Iskar da ta mare ni a wurin nan, wallahi na ɗauka kunnuwana sun faɗi, sai da na shafa na ji suna nan. Na durƙusa na taɓa. Wanzami bai canka ba, mai kifi ma bai canka ba. In ka taka ta ƙara take yi a ƙarƙashin takalmi, in ka dunƙula ta cije maka yatsu.

Ba zan koma majalisa hannu rabbana ba. Na ɗauko tukunyar da nake dafa shinkafa a hanya, na juye guntun jiya, na goge ta, na cika ta da hannuna har baki, na rufe, na ɗaure murfin da igiya. Na ajiye ta a tsakiyar bayan barrada, na murɗa injin sanyi har ƙarshe. Motar da ke ɗaukar kajin gari guda, kwana biyu tana ruri saboda tukunya ɗaya. A wani shinge soja ya ce in buɗe baya. Ya leƙa, ya dubi tukunya, ya dube ni. Ya ce, "Esh hada?" wato mene ne wannan. Na ce, "Talj," wato dusar ƙanƙara. Ya daɗe yana kallona, sannan ya rufe ƙofar da kansa ya ce Allah ya ba ni lafiya.

To majalisarmu tana da ƙa'ida, kuma ni ina cikin waɗanda suka fi riƙe ta. Tsarabar da aka kawo wa majalisa ba a buɗe ta sai Baba na nan, shi zai yi bisimilla ya sa hannu ya raba. Dabino ne, goro ne, haka ake yi. Na iso na tarar Baba ya tafi Madina wajen 'yarsa, ba a san ranar dawowarsa ba. Mota kuwa washegari wani direban zai fita da ita. Firiza ɗaya ce a layinmu da za ta ci tukunya, ta mai kifi.

Ya ce, da irin kiran da mutanen Sudan ke wa mutum, "Kawo, ya zol, amana ce. Amma bari in ɗan leƙa."

Na ce, "Ba mai leƙawa sai Baba ya dawo."

"Ni da zan ba ta masauki?"

"Ko kai ka haife ta."

Ya yi dariya ya tura ta ƙarƙashin kifi. Kwana tara ina zuwa ina duba igiya, ina ganinta a ɗaure. Ban taɓa kawowa a raina igiya ana kwance ta a mayar ba.

Ranar da Baba ya dawo majalisa ta cika, har waɗanda ba sa zuwa sun zo, kowa da kwat. Wanzami ya sa safar hannu biyu, ɗaya kan ɗaya. Na kwance igiya, Baba ya yi bisimilla ya ɗaga murfi. Abin da ke ciki dunƙule ne guda mai tauri, ruwan toka, yana ƙarnin kifi. Na ce a raina kwana tara a ƙarƙashin kifi ko mutum ne sai ya sauya kama.

Mai kifi ya miƙe. Ya shiga shago ya ɗauki faranti da cokali, a gaban kowa ya kankare bangon firizarsa ya tara a farantin, ya fito ya ajiye kusa da tukunyata.

Ya ce, "Baba, ga ta Tabuka, ga ta Karantina. Ni ban yi tafiyar kwana biyu ba, taku uku na yi."

Baba ya ɓantari ta tukunya ya sa a baki, ya lumshe ido. Ya ɗebi ta faranti ya sa, ya sake lumshe ido. Sannan ya tofar ya dube ni.

Ya ce, "Ɗana, ban ce ka yi ƙarya ba. Amma wannan da wannan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya."

Wanzami ya ce, "Malam direba, a bangon motarka ma ai akwai irinta, ko ba haka ba?"

Wuri ya rushe da dariya. Na yi rantsuwa, na ba da labarin raƙuma, wani ya ce to yanzu kuma raƙuma sun yi furfura. Na ba da labarin sojan, aka ce ai shi kaɗai ne ya gane ni, tun da ya yi mini addu'ar samun lafiya. Daga ranar nan sunana ya koma Sarkin Tabuka. In wani ya shirga ƙarya a majalisa sai a ce masa, "Zuba a tukunya, Baba ya dawo tukuna." Ban daina zuwa ba, don in na daina za a ce na amsa laifi. Shekara uku ina zaune a ƙarshen benci, nesa da kasko. Ni da nake ganin hadari tun daga garin Yanbu kafin ya iso Jidda, in na ce gobe za a yi iska ba mai ɗaga kai. Sai mai kifi ya dubi tsummansa ya faɗa, sannan a tashi a je a kwashe shanya.

A sanyi na uku aka yi wata iska da ruwa da suka kwashe kwanon gidaje da yawa a Karantina, suka kayar da turakun lantarki. Wuta ta ɗauke a unguwa gaba ɗaya. Kwana ɗaya, kwana biyu, shiru. Da hantsin rana ta uku ina filin da nake ajiye barrada a bakin unguwa, ina kwashe taɓo daga tayoyi, sai ga mai kifi yana ratso ruwa, wando a naɗe har gwiwa, ya rungumo wani abu a cikin bargo kamar jariri.

Ya ce, "Ɗan'uwa, kunna motar nan, don Allah."

Na ce, "Kifin naka ne? Ai wannan bai kai kwano ɗaya ba."

"Kifi ya riga ya tafi, halas. Jiya na juye duk ƙanƙarar shago a kan wannan, ita ma ta ƙare. Yalla, kunna, narkewa take yi."

Na ja bakin bargon. Babban gwangwanin madara ne, a ciki ga farin dunƙule ya fara zama ruwa ta gefe. Da jan yashi a jikinsa, da 'yar ƙaya, har da ƙwayar shinkafa biyu da ban goge da kyau ba a gindin tukunya. Na tsaya ina kallo, shi kuma yana kallon ƙasa.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Taka ce. Leƙawa kawai na yi niyya, wallahi. Da na gani sai na kasa mayarwa. Yaya za a yi a raba wannan a cokali-cokali a ba wanzami ya haɗiye? Mutumin da ya ce garin rogo ce?"

"Sai ka kankari firiza ka cika mini tukunya."

"Na adana ta dai. Da an raba da yanzu babu ita."

"Faranti da cokalin fa? Shi ma adanawa ne?"

Sai ya koma roƙo. Ashe duk shekara in alhazan garinsu sun zo ya kan shigar da su ƙurya ya buɗe musu gwangwanin, ya ce shi ya hau dutsen Tabuka ya ɗebo, har kunnuwansa suka kusa faɗuwa. Labarina, da kunnuwana, duk ya haɗa ya kwashe. Surukinsa ma ya taɓa da yatsa, ya koma gida yana ba da labari, kuma bana zai dawo da yayyensa biyu su gani.

Na ce, "Zan kunna. Amma da la'asar za ka ɗauko ta da hannunka ka ajiye a gaban Baba, ka faɗi abin da ka faɗa mini yanzu, da ƙarfi, wanzami na ji."

Ya ce, "Haba ya zol, ka bari a gama Hajji. Surukaina su zo su tafi, sannan mu san yadda za a yi."

"Yau."

"Ko in ce tare muka je? Kai ka tuƙa, ni na ɗebo. Kowa ya tsira da mutuncinsa."

Ruwa ya fara ɗiga ta gindin bargon. Na sani sarai in ta narke shaidata ta tafi har abada, Sarkin Tabuka zan mutu. Na ba shi lokaci, na sake tambayarsa sau biyu, yana ta maganar surukai. Sai na zare makullin daga jikin ƙofar mota na jefa a aljihu, na jawo tsohuwar taya na zauna a kai, na nuna masa ɗaya.

Na ce, "Zauna, Alhaji. Ba zan kunna ba. Ajiye ta nan a rana, ni da kai mu kalle ta har ta gama. In ta gama ka ɗauki ruwanka ka kai wa surukinka da yayyensa, ka rantse musu na Tabuka ne. Ka rantse da kyau, ka sa raƙuma a ciki. Sai ka dawo ka gaya mini yadda suka dube ka."